Tsohuwar Kwamfuta da Iyakar Ƙidayarta

 Shirin na yau zai leƙa rumbun tsofaffin kwamfutoci ne, irin waɗanda aka ƙera tun kafin a haifi da yawa daga cikin masu riƙe da waya a yau, domin a ji dalilin da ya sa suke ƙin karɓar manyan faifan ajiya, da kuma dabarun da masu gyara suke bi su shawo kansu.

Amma bari a fara daga abin da kowa ya sani. Mutum ya kai filashinsa mai giga 16 wurin masu tura fina-finai, babu komai a cikinsa, a ce za a zuba masa fim guda mai giga 5, sai kwamfuta ta ce fayil ɗin ya yi girma. Mai filashi ya yi ta mamaki, ga wuri fayau, me ya hana? Ko kuma a ɗauko tsohuwar waya a sa mata memori mai giga 8. Katin ya shiga raminsa daram, amma wayar ta yi kamar ba a sa mata komai ba. A duka biyun babu abin da ya lalace. Tsarin da aka shirya filashin da shi, wanda ake kira FAT32, ba ya iya rubuta girman fayil da ya wuce giga 4. Ita kuma wayar an yi ta ne a zamanin da katin SD bai wuce giga 2 ba, kafin fitowar SDHC a 2006. Kowannensu an koya masa ƙidaya zuwa wani wuri, daga nan lissafinsa ya ƙare.

Wannan ciwo tsoho ne, ya girmi filashi da memori nesa ba kusa ba.

A 1980 kamfanin da aka sani da Seagate a Amurka ya fitar da faifan ajiya mai suna ST-506, abin da masu gyara suke kira had-dis. Mega 5 kacal yake ɗauka, kuɗinsa kuwa ya kai wajen dala 1,500. Shekara uku bayan haka, a 1983, IBM ta fitar da kwamfutar PC/XT da faifai mai mega 10 a cikinta, wato abin da hotuna biyu ko uku na wayar zamani za su cinye. A lokacin kuwa masu ofis gani suke an ba su rumbun da jikokinsu ma ba za su cika ba. Injiniyoyin da suka tsara yadda kwamfuta za ta riƙa magana da faifan su ma haka suka gani, saboda haka da suka zo ware wurin rubuta lambobi, sai suka yi tsimi.

Yadda faifan yake a ciki shi ne mabuɗin labarin. Farantai ne masu santsi a jere, ɗaya bisa ɗaya, suna juyawa da gudu. Kowace fuska ta faranti tana da 'yar allurarta mai karatu da rubutu, kamar ta garmaho, sai dai ita wannan ba ta taɓa farantin, shawagi take yi a kan iskar da juyawar ke tayarwa. An zana da'irori a kan kowace fuska, kowace da'ira kuma an yanka ta gurbi-gurbi, ko wane gurbi yana ɗaukar bait 512, wato kimanin haruffa 512. Idan aka haɗa da'irorin da ke saitin juna a dukkan farantan, su ake kira silinda. To, duk lokacin da kwamfuta za ta ɗauko wani abu, sai ta ba da adireshi mai sassa uku: silinda ta nawa, allura ta nawa, gurbi na nawa. Kamar dai a ce unguwa kaza, layi kaza, gida mai lamba kaza.

Shi kuma raba faifai, abin da ake ce wa fatishin, tamkar yanka fili ne fuloti-fuloti. Takardar filin tana gurbin farko na faifan, kuma tun 1983 layi huɗu kawai aka tanada a cikinta, kowane layi bait 16. Shi ya sa har zuwa kwanan nan mai gyara zai ce manyan yankuna huɗu kaɗai faifai ke ɗauka.

Katanga ta farko da mutane suka yi karo da ita ita ce ta mega 32. Manhajar DOS ta wancan zamani tana ƙirga gurabe da lamba mai bit 16, mafi yawan guraben da irin wannan lamba ke iya ƙirgawa kuwa shi ne 65,536. A ninka shi da 512, sai a sami mega 32 cif. Ko da mutum ya sayi faifai mai mega 40, DOS za ta ƙirga ta kai 32 ta tsaya, sauran takwas ɗin su zama kufai. A 1987 DOS 3.3 ta kawo sauƙi: aka ba da damar a ɗauki layi ɗaya daga cikin huɗun nan a mai da shi babban fili, a yi ta yanka ƙananan fuloti a cikinsa. Daga nan ne yankin farko, C, ya samu ƙanne, D da E da F. Mai faifai na mega 120 sai ya wayi gari da yankuna huɗu, kuma dole ya riƙa tuna inda ya ajiye wasiƙu da inda ya ajiye lissafin albashi. A ƙarshen shekarar kamfanin Compaq ya faɗaɗa lambar zuwa bit 32 a tasa DOS ɗin mai lamba 3.31, sannan DOS 4.0 ta 1988 ta kai gyaran ga kowa.

Gyaran ya zo da nasa haraji. Kundin da DOS ke rubuta wurin kowane fayil, wato FAT16, layukansa ba su wuce dubu 65 da 'yan kai ba, ko yaya girman yankin yake. Mafita ita ce a ɗaure gurabe dami-dami, a riƙa ƙirga dami maimakon gurbi. Yanki ya ƙara girma, dami ya ƙara kauri. Idan aka kai giga 2, wanda shi ne ƙarshen FAT16 a DOS, kowane dami ya zama kilobait 32, kuma doka ita ce fayil biyu ba sa zama a dami ɗaya. 'Yar wasiƙa mai layi uku sai ta mamaye dami sukutum, kamar wanda ya zo da mudun gero aka ce sai ya kama buhu shi kaɗai. Ƙananan fayiloli dubu za su ci wajen mega 32, ko da ainihin abin da ke cikinsu bai kai mega ɗaya ba. Saboda haka gwanayen lokacin suka fi son yanka faifai ƙanana-ƙanana ko da manhaja ta yarda da babba. FAT32 da ta zo a 1996, cikin wani bugu na Windows 95, ita ta rage wannan ɓarna, ita ce kuma ta bar wa mai filashi gadon iyakar giga 4.

Wannan duk ɓangaren manhaja ne. Akwai wata katangar da ta fi ban haushi, ta mega 504, wadda ta fara cizon mutane sosai wajen 1994, kuma ita ce har gobe take ɗaure wa sababbin masu gyaran kwamfutocin 386 da 486 kai.

Ga yadda ta samo asali. Tsakanin DOS da faifai akwai ɗan tsaka-tsaki da ake kira BIOS, ƙaramar manhajar da ke zaune a kan uwar allon kwamfuta, wadda ke farkawa kafin kowa idan an kunna wuta. Takardar adireshin BIOS tana da wurin silinda 1,024, allura 256, gurbi 63. Shi kuma faifai irin na IDE, wanda Western Digital da Compaq da Control Data suka haɗu suka ƙirƙiro a 1986, tasa takardar daban ce: silinda 65,536, allura 16, gurbi 255. Da BIOS ce ita kaɗai, da ta kai giga 8 da ɗoriya. Da IDE ce ita kaɗai, da ta doshi giga 137. Amma adireshi sai ya bi ta takardun biyu, don haka a kowane sashe ƙaramar lamba ce ke cin nasara: silinda 1,024 daga BIOS, allura 16 daga IDE, gurbi 63 daga BIOS. A ninka ukun, a sake ninkawa da 512, za a sami bait 528,482,304. Masu ƙera faifai suna kiran wannan mega 528, DOS kuwa tana nuna 504, saboda su suna ƙirga dubu-dubu, ita tana ƙirga 1,024-1,024. Dogaye biyu suka haɗu suka haifi wada.

Maganin da aka samo, a gaskiya, ƙarya ce mai tsari. Sabuwar BIOS ta zama tafinta mai sauya zance a hanya. Idan faifai ya ce yana da silinda 2,048 da allura 16, sai ta gaya wa DOS cewa silinda 1,024 ne da allura 32. Jimillar gurabe ba ta canja ba, kowa ya ji abin da kunnensa ke iya ɗauka. Da wannan wayo aka lallaɓa har giga 8.4, inda ita kanta takardar BIOS ta cika maƙil. Daga nan aka watsar da batun silinda da allura gaba ɗaya, aka koma bai wa kowane gurbi lamba guda a jere tun daga sifili, tsarin da ake kira LBA.

Sauran katangun za a iya bi ta kansu da sauri, don duk dangin juna ne. Wasu BIOS suna sandarewa da zarar silinda ta haura 4,096, wato wajen giga 2.1. Wasu na kamfanin Award suna tsayawa cak idan faifai ya wuce giga 32 da 'yan kai, kwamfutar ko gaisuwar farko ba za ta gama ba. LBA mai bit 28 ya ƙare a giga 137, sai da aka faɗaɗa shi zuwa bit 48 a farkon shekarun 2000. Ita ma takardar filin nan ta 1983 ta numfasa a tera 2, aka maye gurbinta da GPT, wanda kwamfutocin yau ke amfani da shi.

Wanda kwamfutarsa ta zo da tsohuwar BIOS fa, ba shi da kuɗin sauya uwar allo? Kamfanonin faifai sukan haɗo masa da wani filofi mai ɗauke da manhaja irin su Ontrack Disk Manager ko EZ-Drive. Manhajar takan ɓuya a farkon faifan, ta riga DOS tashi, ta karɓe aikin tafinta daga hannun BIOS. Tana aiki, ba shakka. Sai dai duk ranar da mutum ya tayar da kwamfutar daga filofi kai tsaye, bai bari tafintan ya farka ba, faifan zai bayyana a hargitse ko a ce babu shi. Mai gaggawa a nan ne yake cewa faifai ya mutu, ya yi masa fomat, ya share aikin shekaru da hannunsa. Mai gyara da aka kawo wa faifan shekarun 1990 ya kamata ya fara zargin irin wannan manhaja kafin ya yanke hukunci.

Wata dabarar kuma a jikin faifan take. A bayan faifan IDE akwai wasu 'yan haƙoran ƙarfe da ake rufe biyu daga ciki da ɗan marfin roba, wanda masu gyara ke kira jamfa, ba dai jamfar sawa ba. Da ita ake nuna wane faifai ne ubangida, wane ne yaronsa, idan biyu suna kan waya ɗaya. A faifai da yawa akwai wurin da idan aka sa ta, faifan zai rage tsawonsa da kansa, mai giga 80 ya rantse cewa shi giga 32 ne, don kada tsohuwar BIOS ta firgita.

To, me ya sa har yanzu ake wannan wahala, alhali wayar aljihu ta fi waɗannan injuna ƙarfi sau dubbai? Wasu sha'awa ce, kamar masu adana tsohuwar Fijo ko Basfa. Gidajen tarihi na kwamfuta a Turai da Amurka suna son injunansu su riƙa tashi, baƙo ya taɓa ya gani. Amma akwai waɗanda tilas ce ta sa su. Injin yankan ƙarfe a masana'anta, ko na ɗinkin ado, ko na'urar awo a ɗakin gwaje-gwaje, sau da yawa wata tsohuwar kwamfuta ce mai DOS take tuƙa shi, da wani kati na musamman da ba ya shiga sabuwar kwamfuta. Ƙarfen injin zai yi shekara arba'in lafiya lau, faifan da ke cikin kwamfutarsa kuwa ba zai kai ba. Irin waɗannan injuna na hannu su ne suke tsallako teku zuwa kasuwannin Afirka ta Yamma, don haka matsalar takan iso teburin mai gyara a Kano ko Maraɗi kamar yadda take isa na Jamus. Makaɗa ma suna ciki: na'urorin haɗa sauti na Akai, irin su S1000 da MPC2000, da faifan SCSI suke aiki, kuma har yau akwai masu neman sautinsu.

Faifan da ya shekara talatin kuwa ba abin dogaro ba ne. Man da ke cikin injin juyawarsa yakan bushe, allura takan manne wa faranti idan ya daɗe a ajiye, a kunna a ji shiru ko a ji ƙas-ƙas. Sabo irinsa an daina ƙerawa. Nan ne adafta ta shigo.

Mafi sauƙinsu ita ce ta katin CompactFlash, wanda SanDisk ta fitar a 1994, katin da manyan kyamarori suka daɗe suna amfani da shi. Sa'ar da aka yi ita ce tun asali an gina katin ya iya yaren IDE. Saboda haka adaftarsa ba ta da ƙwaƙwalwa ko kaɗan, ɗan allo ne kawai da ke kai ramuka 50 na katin zuwa haƙora 40 na faffaɗar wayar IDE, da wurin ba shi wuta. Ba ƙara, ba zafi, ba abin da ke juyawa. Akwai kuma masu karɓar katin SD, da masu haɗa faifan SATA na zamani da tsohuwar waya, amma su waɗannan suna ɗauke da ɗan guntun lantarki mai fassara, kuma ba kowane tafinta ne ke jituwa da kowace tsohuwar kwamfuta ba. Wata adaftar za ta yi aiki a Pentium ta ƙi 386, ba tare da wani dalili da mai gyara zai gani da ido ba.

Kwamfutocin da suka girmi IDE, irin PC/XT, nasu ya fi wuya. Faifansu na asali wayoyi biyu gare shi, mai haƙora 34 ta umarni da mai 20 ta bayanai, kuma yana ɗaure da katin da ya yi masa shiri na farko. A cire shi a kai wa wani katin daban, ko da lafiyarsa ƙalau, ba zai karantu ba. Wannan ya sa duk wanda ya tsinci irin wannan kwamfuta ake ja masa kunne kada ya raba faifan da katinsa. Ga kuma wata matsalar: hanyar bayanai ta XT bit 8 ce, IDE kuwa bit 16 take turowa a lokaci guda. Masu sha'awar tsofaffin injuna ne da kansu suka zauna suka ƙera kati mai suna XT-IDE, wanda ke karɓar 16 ɗin ya miƙa su takwas-takwas. Abin da ya fi daraja a katin shi ne yana ɗauke da tasa BIOS ɗin, wadda ta san ƙidayar zamani. Har masu 286 da 486 sukan ɗauki wannan BIOS su ƙona ta a ɗan guntu, su dasa a ramin da ke kan tsohon katin sadarwa, don kawai su tsallake katangar 504.

A gidan Apple labarin ya bi ta SCSI ne, tun daga Macintosh Plus ta 1986. SCSI kamar layin gidaje takwas ne, lamba 0 zuwa 7, kwamfutar kanta ta riƙe ta 7, kuma ba a yarda na'ura biyu su ɗauki lamba ɗaya ba. A ƙarshen wayar dole a sa toshiya, in ba haka ba saƙon lantarki ya je ya dawo kamar amsa-kuwwa a cikin rijiya, ya rikita mai magana. Yau akwai ƙananan alluna irin su SCSI2SD da BlueSCSI da ZuluSCSI, waɗanda ke karɓar katin SD su yi shigar faifan SCSI. Kati ɗaya yana iya fitowa a matsayin faifai uku ko huɗu, kowanne da lambarsa da girman da aka zaɓa masa. Wani abin dariya shi ne manhajar Apple ta shirya faifai, HD SC Setup, ba ta kula duk faifan da ba na Apple ba, don haka sai a sa allon ya ari sunan wani faifan da ta sani, ya gabatar da kansa da shi. Ƙidaya dai tana nan tana jira: Macintosh kafin System 7.5 ba ta wuce giga 2 a yanki ɗaya, Apple II mai ProDOS kuwa mega 32 ne iyakarta, saboda lambar nan dai ta bit 16 da ta addabi DOS.

A nan ne masu farawa suka fi yin kuskure. Adafta baki take gyarawa, ta sa filogi ya shiga soket. Ba ta koya wa kwamfuta lissafin da ba a haife ta da shi ba. Mutum zai sayi kati mai giga 64 don ya ga bambancin kuɗinsa da mai giga 4 kaɗan ne, ya sa a 386, ya yi ta faɗa da mai sayarwa cewa katin jabu ne. Wanda kwamfutarsa ta ƙi katin ƙiri-ƙiri ma ya yi sa'a. Wanda tasa ta karɓa ta yi shiru shi ne ke cikin hatsari.

Misalin da ya fi fito da wannan shi ne na Amiga, kwamfutar kamfanin Commodore. Samfurin 600 da 1200, na 1992, sun zo da mahaɗin IDE a ciki, don haka sa musu CompactFlash abu ne mai sauƙi. Amma tsohuwar manhajarsu bait take ƙirgawa da lamba mai bit 32, wadda ke ƙarewa a 4,294,967,296, giga 4 ke nan. Abin da ke faruwa bayan nan ya yi kama da agogon kilomita na tsohuwar mota, wanda idan ya cika tara-tara sai ya juye ya koma sifili. Mutum ya yanka yanki a can bayan giga 4, komai ya tafi daidai, ya yi makonni yana zuba kaya. Ranar da rubutu ya tsallake iyakar, lambar ta juye, kwamfutar ta ɗora sabon fayil a kan farkon faifan, daidai inda takardar fili da manhajar tashi suke. Ba gargaɗi, ba saƙon kuskure. Washegari a kunna, allo ya nuna hoton filofi yana neman a sa masa, kamar ba a taɓa haɗa faifai ba. Garin neman gira an rasa ido. Masu Amiga sun koyi ajiye yankin tashi a cikin giga 4 na farko, sannan su ɗora sabuwar manhajar faifai kafin su taɓa sauran, ko su koma bugun AmigaOS 3.1.4 na 2018 da ya gyara matsalar daga tushe. Windows 98 ma tana da irin wannan hali idan faifai ya haura giga 137.

Ƙwararru a wannan sana'a suna da tsarin da suke bi, kuma kusan bakinsu ɗaya a kai. Kafin a sayi komai, a fara gano iyakoki biyu: ta BIOS da ta manhajar da za a ɗora, a ɗauki ƙaramar. Kati mai mega 256 ko 512 ya ishi 286 ko 386 har ya yi saura, domin duk manhajojin zamaninta da wuya su cika shi. A tsohuwar BIOS da ba ta gane faifai da kanta, akwai jerin nau'o'i masu lamba, kuma a da yawa daga cikinsu lamba 47 ce ke bari mutum ya rubuta silinda da allura da gurbi da hannunsa. Ya rubuta lambobin a takarda ya manna a cikin akwatin, don ranar da ɗan batirin uwar allo ya mutu, BIOS za ta mance su, kuma in aka sa wasu daban faifan ba zai tashi ba.

Yankan fili kuwa a kan tsohuwar kwamfutar ake yinsa, da FDISK ɗin DOS ɗin da za ta zauna a ciki. Idan aka yanka katin a sabuwar kwamfuta aka kawo, sau da yawa za a ga fayiloli amma ya ƙi tashi, saboda injunan biyu ba su fassara silinda da allura iri ɗaya ba. Katin da ya fito daga kyamara kan zo da gurbin farko da ba shi da umarnin tashi, wanda daga DOS 5 zuwa sama ake gyarawa da FDISK /MBR. Sai a lura da jan layin da ke gefen faffaɗar wayar, shi ke nuna haƙori na ɗaya. A mai haƙora 40, juya ta yawanci hana tashi kawai yake yi. A ƙaramar mai haƙora 44, ta laftof da Amiga, wuta tana bi ta cikin wayar, don haka juyawa ɗaya na iya ƙona katin ko allon.

Idan kuma tsohon faifan yana da sauran numfashi, aikin farko shi ne a kwafe shi ɗungurungum, gurbi bayan gurbi, zuwa fayil guda a wata kwamfutar, kafin a gwada gyara ko duba lafiyarsa. Faifan da ya yi shekara ashirin a sito yana iya tashi sau ɗaya ya ƙi na biyu. A injin masana'anta, abin da ke cikinsa ya haɗa da manhajar tuƙi da lambobin saiti waɗanda wataƙila kamfanin da ya rubuta su ya daɗe da rufewa. Daga wannan kwafin ne ake zuba wa sabon kati, a gwada shi a injin, a yi kati na biyu a ajiye a aljihun tebur, shi kuma tsohon faifan a naɗe shi a leda mai hana tartsatsin lantarki, a rubuta kwanan wata da lambobin silindarsa a jiki.